Daren Alhamis a Titin Charles

Sanyin Nuwamba a New York ba irin hunturunmu ba ne. Namu da ƙura yake zuwa, ya fasa leɓe da dunduniya, hantsi na dubawa ya sassauta. Nasu ko rana ta take yana nan daram, ƙashi yake bi. Kwanana shida a garin, taron da ya kai ni ya watse, saura kwana huɗu in hau jirgin komawa gida. Masaukina ɗakin Yaya ne a unguwar Bronx, hawa na huɗu, inda bututun ɗumama ɗaki ke kwana yana tsaki.

Yaya ɗan kawuna ne, ya yi shekara 19 yana tuƙin tasi a birnin. A layinsu ba ka rasa mai amsa maka gaisuwa da Hausa: 'yan zangon Kumasi da na Akara, mutanen Maraɗi da Damagaram, jefi-jefi Bakano. Ranar Laraba da dare muna cin tuwon shinkafa da miyar kukar da na yo masa tsaraba, sai na ce da shi:

"Yaya, gobe da dare akwai inda zan je."

"Ina kuma? Ai ka ga gadar, ka ga dogayen benayen."

"Wani makaɗi zan je saurare. Andy Statman sunansa. A majami'ar Yahudawa yake wasa, can ƙasan Manhattan."

Ya dakata da lomar da ya yanko. "Haba ƙanena. Duk kiɗan da ke garin nan, sai na gidan Yahudawa? Kana dai ganin abin da ake wa Falasɗinawa."

Na ce masa ina gani, kuma yana ci mini rai kamar yadda yake ci masa. Amma wannan bawan Allah ba bindiga yake riƙe da ita ba, abin busa ne a hannunsa, kuma na fi shekara goma ina son in ga bakin da wannan sautin ke fitowa. Ya yi shiru ya ƙarasa tuwonsa. Da zai wanke hannu ya ce, "To, Allah ya tsare. Ka hau jirgin D, kada ka sauka sai West 4th. Kuma ka ɗauki rigar sanyina, waccan taka ta ado ce."

Dalilin wannan naci yana da tushe. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo, tsakanin su Shata da Ɗan Maraya da Ɗanƙwairo. Wata rana wani Bature mai bincike da ya zo neman tsofaffin kaɗe-kaɗen fada ya bar mini faifai guda a matsayin tukuici. Songs of Our Fathers aka rubuta a jikinsa, wato waƙoƙin ubanninmu, na Andy Statman da David Grisman, an fitar da shi a 1995. Na saka shi ba da wata niyya ba, ina jera kwalaye. Da busar kilarinet ta shigo, sai na ajiye kwalin da ke hannuna na zauna. Abin da ya faɗo mini a rai wani tsoho ne, maƙwabcinmu a Zariya lokacin muna yara, mabushin algaita a gidan wani hakimi. Baba kawai muke ce masa. In ya kumbura kumatu kamar ya cusa lemo biyu, sai ya yi ta busa ba yankewa, yana shaƙar iska ta hanci sautin na tafiya. A hawan salla busarsa ta taƙama ce. Amma wani lokaci da yamma, in ba kowa a zauren, yakan yi wata busa ƙasa-ƙasa wadda ba kirarin kowa ba ce, tasa ce shi kaɗai, mai kama da kukan babban mutum da ba ya son a ji. Ita na ji a faifan nan. Baba ya rasu ina sakandare. 'Ya'yansa maza huɗu, babu wanda ya ɗauki algaitar.

Ranar Larabar nan da safe, kafin hirarmu da Yaya, na riga na shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Ellis, ƙofar da baƙi fiye da miliyan 12 suka bi suka shiga Amurka daga 1892 zuwa 1954. Yanzu gidan tarihi ne. A ƙasa an tara akwatuna da adakoki da ƙunshin kayan mutanen da suka ratsa wurin, a sama kuma ga makeken zauren da ake tantance su, likita ya ɗaga fatar ido, ma'aikaci ya tambayi suna da abin da ke aljihu. Cikin wannan ambaliyar akwai Yahudawan gabashin Turai wajen miliyan biyu da suka kwararo tsakanin 1880 da 1924, suna gudun talauci da kashe-kashen da ake kai wa unguwanninsu a daular Rasha. Da kiɗansu suka zo.

Klezmer ake ce wa wannan kiɗa. Kalmar daga Ibrananci take, haɗin kalmomi biyu ne, ɗaya kayan aiki, ɗaya waƙa, kuma asali makaɗin ake kira da ita kafin ta zama sunan kiɗan. Duk Bahaushen da ya karanta yadda waɗannan makaɗa suka rayu a garuruwan Polan da Yukren da Lituwaniya da Romaniya zai ce ai ya san su. Sana'ar gado ce, uba ya bar wa ɗa. Suna da zaurancensu da wani ba ya ganewa. Ranar biki ba a yi sai da su, washegari kuwa mai mutunci ba ya son 'yarsa ta auri ɗayansu. Suna tafe da wani mai baki, kamar sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya zaunar da amarya a tsakiyar mata ya yi ta tuna mata gidan ubanta da za ta bari da iyayenta da suka riga mu gidan gaskiya, goge na bin maganarsa a hankali, har sai ta fashe da kuka mata sun taya ta. Sai an yi wannan kukan ake juya kiɗa zuwa na rawa. Da can mai goge ne shugaban ƙungiya, daga baya kilarinet ta karɓe gaba, musamman da aka zo Amurka aka fara ɗaukar faifai.

A 1921 wani mabushi mai suna Dave Tarras ya sauka a New York daga Yukren. Ɗan gidan makaɗa ne, ya kuma yi aikin soja a rundunar sarkin Rasha. Da farko a masana'antar ɗinka tufafi ya sami abin yi, don bai ɗauka busarsa za ta ciyar da shi a sabuwar ƙasa ba. Ba a jima ba ya zama mabushin da ba a bikin Yahudawa na ji da gani sai an nemo shi, faya-fayansa kuwa suka cika gari. Sai zamani ya juya. A Turai, 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa miliyan shida, garuruwan da kiɗan ya fito suka zama kufai, makaɗan da suka rage can suka tafi tare da jama'arsu. A Amurka kuma 'ya'yan baƙin suka girma suna jin kunyar kiɗan iyayensu, na ƙauye ne a wurinsu, kowa na son na zamani a bikinsa. Zuwa shekarun 1970 Tarras ya tsufa, waya ta daina ƙara. A wannan lokacin ne wani saurayi ya neme shi, ya ce ya zo koyo. Shi ne Statman. Na tsaya gaban tulin akwatunan nan na tsibirin Ellis ina tunanin wannan sallamar, da yadda tsohon ya ji a ransa da ya ga har yanzu akwai mai so.

Ranar Alhamis bayan azahar na sa rigar Yaya, na ɗora hulata zanna, na gangara ƙarƙashin ƙasa na hau D. Tafiyar ta kai kusan minti 40. Jirgin ya ɗebi mutanen Bronx, baƙaƙe da masu jin Sifaniyanci, ya bi ta Harlem, yana zubar da su yana kwasar wasu, har launin taragon ya sauya ban motsa daga kujerata ba. Na fito a West 4th da sauran rana, da gangan, don akwai wurare biyu da nake son takawa kafin dare.

Na farko dandalin Washington Square ne, mai babbar ƙofar farin dutse da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. A shekarun 1950 da 1960 nan samarin birni ke taruwa duk ranar Lahadi da jita da banjo da mandolin, suna koyon kiɗan mutanen duwatsun kudu da ba su taɓa zuwa ba. Na yi sa'a, duk da sanyin, wani yaro na zaune a bakin maɓuɓɓugar da aka kashe, ya yanke yatsun safar hannunsa, yana kaɗa banjo. Na matsa kusa na ƙura wa abin ido. Da'ira ce aka ɗaure mata fuska kamar ganga, aka dasa mata dogon wuya, tsirkiya biyar, ta biyar ɗin gajera ce, ba ta kai ƙarshen wuyan ba, babban yatsa ke ta dukanta tana ba da amo guda ba canji. In ka cire ƙarafan da ƙyalƙyalin, abin da ya rage ɗan'uwan gurmi ne. Ba zato nake yi ba, masana sun tabbatar cewa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka fara harhaɗa banjo a tsibiran Karebiyan da Amurka, da duma da fata, kuma a ƙasar Jola ta Senegal da Gambiya har gobe ana kaɗa akontin, mai irin wannan gajeriyar tsirkiyar. Na jefa wa yaron dala biyu a akwatinsa, ya sunkuyar da kai bai tsaya ba.

Wannan kiɗan na duwatsu shi ake kira bluegrass, kuma an san ubansa. Bill Monroe ne, haifaffen Rosine a jihar Kentucky a 1911. Ya tashi maraya a hannun kawunsa mai goge, ya kuma sha daga wani baƙar fata mai jita, Arnold Shultz, wanda ya ɗanɗana masa kiɗan baƙaƙen kudu. Ya kafa ƙungiya ya sa mata sunan shuɗiyar ciyawar da ake wa jiharsu kirari da ita, kuma da Earl Scruggs ya shigo da banjonsa a 1945 sai kiɗan ya tsaya da ƙafafunsa: gudu kamar sukuwa, murya can sama mai kaɗaici, kowa ya matso gaban makirfo ya nuna tasa ya ja baya. Statman, wanda aka haifa a 1950 ya tashi a unguwar Queens, a rediyo ya fara jin sa yana yaro, daga wata tasha ta jihar West Virginia da ake kamawa cikin dare. Ya fara da jita da banjo, a 1965 ya haɗu da David Grisman ya koma mandolin a hannunsa. Kafin ya cika shekara 25 ya riga ya zama abin kwatance a wannan fagen, yana yawo da ƙungiyoyi irin su Country Cooking da Breakfast Special da ta David Bromberg.

Wuri na biyu tafiyar minti goma ce a ƙafa. Village Vanguard, wata 'yar ƙofa ce mai jar rumfa a bakin titi, da matakala mai gangarawa ƙasa. Tun 1935 take buɗe. A cikin ramin nan John Coltrane ya ɗauki faifansa na 1961, Albert Ayler ma ya yi nasa a 1966. Ayler ɗin nan shi ya rikita Statman yana ɗan shekara goma sha, da wata irin busar saksofon mai kururuwa da ba ta bin layin da aka shata, har yaron ya ajiye mandolin na wani lokaci ya kama saksofon. A jaz, waƙa ƙofar gida ce kawai. Ana shiga ta nan, sai kowane makaɗi ya kama hanyarsa ya ƙirƙiri abin da zai faɗa nan take, sauran na saurare suna ba shi amsa, in an gama yawo a dawo a fita ta ƙofar da aka shigo. Ban shiga ba, lokacin buɗewa bai yi ba. Na dai tsaya a ƙarƙashin rumfar na ga yadda gidajen uku suke kusa da juna: dandalin banjo a bayana, ramin jaz a gabana, majami'ar kuma lungu biyu ko uku daga nan.

Rana ta faɗi tun biyar ba ta yi ba. Na koma wajen dandalin na yi magariba a ɗakin sallar ɗaliban jami'ar da ke wurin, na zauna har isha'i, na sha shayi a wani shago don in ji ɗumin hannuna, sannan na nufi Titin Charles.

In ba ka san da ita ba, wuce ta za ka yi. Siririn gini ne mai lamba 53, an matse shi tsakanin gidajen kwana, da tauraro mai tsini shida a tagar sama. Darech Amuno sunan jama'ar da ke ibada a ciki, tsohuwar jama'a ce tun ƙarni na 19. Ba a babban ɗakin ibadar ake wasan ba, a ɗakin ƙasa ne. Na tsaya a bakin matakalar gabana na ɗan faɗuwa, don ban taɓa sa ƙafa a irin wannan wuri ba. Na yi bismilla na sauka. Wani dattijo ne a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, gefensa ga kwando cike da 'yan ƙananan hulunan da mazansu ke ɗorawa a tsakar ka. Ya kai hannu zai miƙo mini ɗaya, sai idonsa ya sauka a kan zannata. Ya mai da hannunsa, ya yi murmushi, ya nuna mini kujera.

Ɗakin bai fi zauren mai unguwa ba. Kujerun ninkewa, kantocin littattafai masu baƙin bango a jikin garu, teburi a gefe da kwalabe da kofunan roba. Babu dandamali, babu fitilu masu launi. Na ƙirga mu, mu 17 ne. Akwai masu baƙar hula da gemu, akwai wasu samari biyu da akwatunan mandolin a tsakanin ƙafafunsu, akwai miji da mata 'yan Japan, sai ni. Mutumin da gwamnatin Amurka ta ba lambar girmamawa mafi girma da take ba masu fasahar gargajiya, a 2012, shi ne zai yi wasa a nan, ga mutum 17. Lambar nan Bill Monroe ya karɓe ta a 1982, Dave Tarras ya karɓa a 1984. Ka ga ke nan gidaje biyu da ya yi wa almajiranci, kowanne an shaida maigidansa, sannan aka zo aka shaida shi.

Suka fito su uku ba wata sanarwa. Jim Whitney ya rungumi babban gogen nan na tsaye da ake ja da yatsa, Larry Eagle ya zauna bayan 'yan gangunansa, Statman ya tsaya a tsakiya. Farar riga, baƙin wando, baƙar hula a tsakar ka, gemu ya yi furfura, zaren ibadarsu na lilo daga ƙugunsa. Da ka gan shi a titi cewa za ka yi malamin makarantar addini ne. Ya ɗauki kilarinet, ya jiƙa bakin, ya rufe ido.

Sautin farko a ƙasa ya fara, can cikin maƙogwaron abin, kamar mutum na gyaran murya kafin ya yi maganar da ta daɗe tana cin sa. Babu kiɗa tukuna, babban gogen kawai ke riƙe da amo guda. Sai ya fara hawa, taki ɗaya, taki biyu, ya yi wani tsalle mai faɗi da kunnena ya sani sarai. Wannan hawa shi ne wanda Larabawa ke kira Hijaz, wanda muke ji a bakin makaranta Alƙur'ani na Masar da ladanai da dama. Su ma Yahudawan gabashin Turai suna da shi a addu'o'insu da kiɗansu, da nasu sunan. Tsigar jikina ta tashi. A ƙarshen kowace gaɓa sai ya karya sautin, wata 'yar shessheƙa, kamar muryar da kuka ya sarƙe. Krekhts suke ce mata a harshen Yidish, kuma ita ce gishirin busar. Ba a rubuta ta a takarda yadda za ta fito daidai. Sai ka zauna kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru, har ka san inda ake sa ta da inda sa ta zai zama ƙarya.

Abin da yake busawa nigun ne, waƙar da ba ta da kalmomi, irin ta Hasidawa, wata ɗariƙar Yahudawa da ta taso a yankin Yukren a ƙarni na 18. A wurinsu waƙar da babu baƙi a cikinta tana kai zuciya inda magana ba ta kaiwa, shi ya sa suke maimaita ta, su yi ta juya ta har mutum ya manta da kansa. Ba na gwama addini da addini, kowa da nasa. Amma wanda ya taɓa zama a gefen halkar zikiri ya ga yadda ake farawa a sanyaye, amo na ƙara kauri, kafaɗu na fara motsi, ba zai rasa gane abin da ke faruwa a ɗakin nan ba. Wani tsoho a gabana ya fara rausaya gaba da baya yana bin waƙar da hanci. Mai ganga ya ajiye sanduna yana shafa fatar da tafin hannu. Busar ta yi ta hawa har ta kai inda ta daina zama waƙa ta koma kira, tsagwaron kira, kuma a nan ne na ji Ayler ya leƙo, wannan kururuwar ta ramin jaz, amma ta shigo da alwala, in ji masu magana. Da ya sauko ya ajiye sautin ƙarshe, an ɗauki lokaci ba wanda ya tafa.

Bayan waƙa uku ko huɗu ya ajiye kilarinet ya ɗauki mandolin. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba, tsirkiya takwas an jera su bibbiyu, ana kaɗawa da ɗan ɓallin roba. Na tuna kuntigin Ɗan Maraya, yadda ƙanƙanin abu ke cika fili in ya sami mai shi. Statman ya buga ƙafa sau biyu, suka zabura. Ɗakin da ya yi tsit ɗazu ya koma filin sukuwa. Hannunsa na dama ba ka ganin sa, sai inuwa, na hagu kuma na gudu a wuyan abin kamar gizo a kan saƙa. Samarin nan biyu suka miƙa wuya, ɗaya ya dafe kai. Kiɗan Kentucky ne tsantsa, da saran nan na Monroe mai kama da sarar itace. Can sai ya saki hanya. Ya ɗauki gaɓa ɗaya ya murɗe ta, ya jefa wa mai ganga, mai ganga ya dawo masa da ita a karye, babban goge ya bi ta wata kwana. A nan akwai inda ya ɓace mini, na kasa gane ina aka dosa, har na fara jin gajiya. Sai ga wata 'yar shessheƙa ta fito daga tsirkiya, irin ta ɗazu, ta Tarras, kuma kafin in gama mamaki ya dawo da mu kan waƙar farko daidai inda ya bar ta.

Masu rubutu a kansa suna son cewa ya haɗa kiɗa uku. Ni ban ga haɗi ba a daren nan, in dai haɗi shi ne abin da na saba gani. Na san yadda ake yi a situdiyoyinmu: a ɗauko amon kalangu daga kwamfuta, a manna shi a kan fiyano, a ce an auri gargajiya da zamani, alhali mai yin bai taɓa rataya kalangu a kafaɗa ba, bai san abin da yake faɗa ba in ya yi magana. Wannan mutumin kowane gida ya shiga sai da ya zama ɗan gida. Ya yi wa mandolin bauta har manyan makaɗan bluegrass na Nashville suka yarda da shi, su Ricky Skaggs da Béla Fleck suka shiga faifansa Old Brooklyn na 2011. Ya zauna gaban Tarras kamar almajiri gaban malam, ya yi masa hidima, ya taimaka aka dawo da tsohon gaban jama'a, sannan shi da Zev Feldman suka fitar da faifan Jewish Klezmer Music a 1979, ɗaya daga cikin waɗanda suka farfaɗo da kiɗan bayan an yi masa likkafani. Da Tarras ya rasu a 1989, ya bar kayan busarsa ga Statman, wanda ba ɗansa ba, ba jininsa ba. To in mutum ya sha nono uku irin wannan, ba sai ya zauna yana auna mudu ɗaya na wannan da rabin mudu na wancan ba. In ya buɗe baki, duk abin da ya fito nasa ne.

Akwai kuma abin da ya ƙara mini ganin girmansa. Bin asalin kiɗan ya kai shi ga bin addininsa sau da ƙafa, don haka daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar ba ya taɓa abin kiɗa. Wanda ya san harkar ya san waɗannan su ne dararen da makaɗi ke samun na cefane, kuma manyan bukukuwan bluegrass a ƙarshen mako ake yin su. Ya bar su, ya riƙe wannan ɗakin na ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, a tsakiyar mako, ko mutum nawa suka zo.

Da aka tashi ban yi gaggawar fita ba. Na tsaya daga gefe ina kallon yadda yake shirya kayansa. Ya kwance ɗan siririn karan da ke bakin kilarinet, ya goge shi da yatsa, ya ɗaga shi wajen fitila ya duba, ya sa a 'yar ma'ajiyarsa. Ya zura tsumma mai igiya ta cikin bututun ya jawo, sau biyu, sannan ya rarraba gaɓoɓin ya kwantar da kowace a gurbinta. Baƙin icen da ake sassaƙa irin wannan abin busa daga dazukan Tanzaniya da Mozambik ake kawo shi. Haka Baba yake yi wa algaitarsa, sai dai shi a cikin wani ɗan gwangwanin taba yake ajiye karan, kuma ba ya yarda yaro ya taɓa. Na sayi faifai ɗaya a hannun dattijon bakin ƙofa, na yi masa godiya, na hau matakala.

A waje na tarar da tasi a tsaye da fitila a kashe. Yaya ne. Ya ce wai ya sauke fasinja ne a kusa. Na shiga gaba, ɗumin motar ya buge ni.

"Yaya aka yi? Sun karɓe ka?"

"Lafiya lau, Yaya. Hulata ma ta wadatar."

Ya ga faifan a hannuna ya ce in saka. Muka bi gefen kogin Hudson muka yi arewa, fitilun New Jersey na rawa a kan ruwa. Har muka wuce Harlem bai ce uffan ba. Sai da muka tsaya a wata danja ya rage sautin kaɗan ya ce, "Wai tsohon nan na layinku, mai algaita, ina aka kai abarsa?"

Ban sani ba a lokacin, amma na sa a raina. Mako biyu da komawata na je Zariya, na yi sallama a gidan. Matarsa ta ƙarshe na nan da rai, ta tsufa ƙwarai, sai da na faɗi sunan mahaifiyata ta gane ni. Ta aiki jikanta ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙunshi a tsohon buhu. Fatar da aka rufe jikin algaitar ta bushe ta tsattsage, ƙarfen bakin ya yi tsatsa, faifan da leɓe ke tokara yana nan. Gwangwanin ma yana ciki, amma karan ya zama gari. Yaron, ɗan shekara 14, ya tsuguna yana juya ta a hannu, ya sa a baki ya hura, iska kawai ta fito. Ya ce akwai wani tsoho a wajen Giwa da ya ji ana cewa har yanzu yana yanka kara yana busa. Na tambayi tsohuwar ko za ta yarda in tafi da shi da algaitar. Ta ce a dai dawo mata da ita kafin magariba. Muka sa ranar Asabar.